Yadda za ka yi rajistar layinka ba tare da ka watsa sirrinka a titi ba

Sana'ata waya ce. Ina da ɗan shago a wajejen kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ina sayar da caja da batir da gilashin kare fuskar waya, kafin nan kuma na daɗe ina rajistar layi a ƙarƙashin wani dila. Tambayar da aka fi kawo mini kan NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ita ce, "Malam, wai dole ne sai na ba su NIN ɗina da hotona kafin su ba ni layi?" Dole ne. Babu wayon da zai raba ka da wannan, duk wanda kuma ya ce maka yana da hanya, wata matsalar yake shirin sayar maka. Abin da ya rage a hannunka shi ne wa za ka ba, a ina za ka ba shi, da abin da za ka hana ko da an roƙe ka.

Tun 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta kafa dokar rajistar layuka. Jama'a suka ɗauke ta da wasa, har 2015 da aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a rufe ba alhali rajistarsu ba ta cika ba, naira 200,000 kan kowane layi. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A Disambar 2020, lokacin Dakta Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN, aka kuma dakatar da sayar da sabon layi har Afrilun 2021. Wanda ya yi sammako ya bi layi a cikin hunturun waccan shekarar bai manta ba. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumban 2024. Na kawo wannan ne don ka daina yi wa yarinyar da ke aiki a ofishin kamfanin layi faɗa idan ta ce ba za ta iya ba. Kwamfutar ce ta ƙi wucewa, in kuma ta yi maka alfarma ta bayan fage, ita za a kora.

Kafin ka bar gida

Fara duba takardar NIN ɗinka, lambobi 11 ne. In ta ɓata, danna *346# a layin da ka bayar ranar da ka yi rajistar katin ɗan ƙasa, za a cire ɗan kuɗi daga katinka a nuna maka lambar. In ba ka taɓa yi ba, ka je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko cibiyar da ke sakatariyar ƙaramar hukumarka, Tarauni ne, Dala ne, Gwale ne, Fagge ne. Rajistar farko kyauta ce a doka, ko da wani a bakin ƙofa ya ce maka akwai kuɗin fom.

Sai ka karanta sunan da ke jiki harafi-harafi, domin nan mutanenmu suka fi maƙalewa. Mutum guda, a rajistar layinsa ta 2012 Garba Dambatta ne, a NIN Abubakar Muhammad, a banki Abubakar Mohammed D. Mace tana A'isha Sani kafin aure, an kai ta gidan miji ta koma Aishatu Kabiru. Ranar haihuwa kuwa, dattawa da yawa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu, shekarar kuma kowane ofishi da tasa. Mu a unguwa mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba.

Idan tsohon layinka ne sunansa ya saɓa da na NIN, kada ka fara da gyaran NIN. Je ofishin kamfanin layin ka ce a sabunta rajistar layin ta bi abin da ke NIN. Ya fi sauƙi, ya fi sauri. Ba a taɓa NIN sai in kuskuren a jikinta yake, domin gyaranta da kuɗi, musamman ranar haihuwa, wadda sai ka haɗa da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. NIMC tana da shafin intanet na gyara da kanka. In ba ka iya ba, nemi ɗanka ko ƙaninka ya zauna kusa da kai ku yi tare, da adireshin imel ɗin da kuke riƙe da lambar sirrinsa. Na ga waɗanda mai kafe ya buɗe musu da nasa imel ɗin, shekara ta zagayo suna son wani gyaran, mai kafe ya tashi daga unguwar.

A wajen rajista

Je ofishin kamfanin ko shagon dilan da ke da alamar kamfanin, mai rufi da ƙofa, wanda in ka dawo gobe za ka same shi. NCC ta daɗe da cewa a tsayayyen wuri za a riƙa rajista. Masu lema a bakin tasha da masu yawo da na'ura a jaka ranar kasuwa ba duka ne macuta ba, na san masu amana a cikinsu, amma in wani abu ya faru ba ka da inda za ka nuna.

Abin da za a karɓa a wajenka sananne ne: NIN, hoton fuskarka da za a ɗauka nan take, wani lokaci da zanen yatsu, adireshi, da wata lambar da za a iya samunka. Shi ke nan. Rajistar layi ba ruwanta da BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ba ruwanta da lambar asusunka, balle lambar sirrin katin ATM. Za a iya turo maka lambar tabbatarwa ta tes, to ka karanta saƙon da idonka kafin ka faɗa. In daga kamfanin layin ya zo kuma maganar layi yake yi, faɗa. In sunan banki ka gani a sama, mayar da wayarka aljihu ka fita.

Ga dabarar da na fi so kowa ya sani, domin a cikin sana'ar na san ta. Za a ɗauke ka hoto, sai ejan ya dubi na'ura ya ja tsaki ya ce, "Alhaji, sabis ne, bai hau ba, a sake." Ka sake tsayawa. "Haba, yau kam sai haƙuri, ɗan ɗago kai." Wani lokacin gaskiya ne, sabis yana yin haka. Wani lokacin kuwa na farkon ya hau sarai, kowane sabon hoto wani sabon sim ake yi wa rajista da sunanka, ka tafi da ɗaya, sauran su shiga aljihunsa ya sayar wa masu neman layin da aka riga aka yi wa rajista. Maganin abin ba faɗa ba ne. Ka ce a nuna maka fuskar na'urar ka ga inda ta ce bai yi ba. Ka dubi lambar da ke jikin na'urar ka gwada da ta jikin kwalin sim ɗin da ke hannunka, duk sanda za a sake. In lambar ta canja, tambaya. Kada kuma ka tafi sai ka sa sim ɗin a waya, ka danna *996# ka ga matsayin layin. Wannan lambar ɗaya ce a MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025, tun da NCC ta daidaita gajerun lambobi a 2023.

Layi huɗu aka yarda mutum ya riƙe a kowane kamfani da NIN ɗinsa. Wasu ba sa gano an yi musu wancan aikin sai ranar da suka je sayen layi aka ce sun cika, alhali ɗaya suka sani. Kada ka jira ranar. Duk sanda hanya ta bi da kai ta ofishin kamfani, shiga ka ce a nuna maka dukan lambobin da ke ƙarƙashin NIN ɗinka. Wadda ba ka sani ba, ka ce a cire ta, ka kuma karɓi lambar ƙorafi a matsayin shaida cewa ka kawo maganar a rana kaza.

Kada ka bari kowa ya ɗauki hoton takardar NIN ɗinka da wayarsa ta kansa, ko ya ce ka turo masa ta WhatsApp zai ƙarasa da daddare. Wayar nan gobe za a kawo ta Farm Centre a sayar, ko a bar ta wajen mai gyara, kuma ni na san yawan takardun mutane da muke gani a wayoyin da ake kawowa. Fotokwafi ma haka. In ta zama dole, rubuta da biro a kan hoton da ke jikinta, ka ratsa shi: don rajistar layi, wuri kaza, rana kaza. Wadda ta lalace a injin kada ka bar wa mai kafe, karɓe ta ka yaga. An taɓa naɗo mini awara a cikin takardar NIN ta wata baiwar Allah, da hotonta da adireshin gidansu.

A 2022 NIMC ta ɓullo da wata lamba ta wucin gadi da ake kira vNIN, haruffa da lambobi 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72, kuma wurin da aka yi ta dominsa kaɗai take yi wa aiki. Manufar ita ce a tantance ka ba tare da an riƙe ainihin lambarka ba. Tambayi ma'aikacin ko suna karɓarta. In suna karɓa, ita ta fi.

Aron NIN da layin da aka riga aka yi wa rajista

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Layin da ka saya da rajistarsa, na wanda sunansa ke kai ne, kai riƙo kake yi. Ranar da ya ɓata ba za a yi maka welkam bak ba, wato a ba ka sabon sim mai tsohuwar lambar, domin fuskarka ba ita ce a kwamfuta ba. Mai sunan kuwa zai iya shiga ofis ya ce layinsa ya ɓata a ba shi sabo, ya tafi da lambar da kwastomominka na Kwari suka sani, da alat ɗin bankinka. Sayar da irin wannan layi laifi ne a doka, amfani da shi ma haka.

Ɗaya ɓangaren ya fi ciwo, domin kunya ce ke jawo shi. Maƙwabci zai zo, "Yaya, nawa NIN ɗin ya ƙi, ara mini naka in buɗe layi." Yaron shago zai zo, abokin kasuwanci daga Maraɗi zai zo. Ka sani duk kiran da aka yi da layin nan, a takarda kai ka yi shi. In aka yi damfara da shi, ko aka nemi kuɗin fansa, jami'an tsaro sunan da ke rajista za su fara nema, adireshinka za su zo. Ko da daga baya an gane ba kai ba ne, ka riga ka kwana inda ba ka so, kuma unguwa ta riga ta ji. Wanda ka ara wa ma ba lallai shi ne mugun ba, wayarsa za a iya ƙwacewa. Ni abin da nake cewa shi ne, "Wallahi nawa ya cika, amma zo in raka ka a gyara naka." Baƙi kuma suna da hanyarsu ta rajista da fasfo, a tura su ofis.

Sai masu yawo unguwa-unguwa da littafi, wai a kawo NIN da BVN za a saka mutum a tallafi, wani lokaci har da ɗan abin hannu nan take. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke sayen waɗannan lambobi a hannun jama'a da kuɗin da bai wuce naira 2,000 ba, a buɗe asusu da su a yi damfara. Talauci gaskiya ne, ban raina dubu biyu ba. Amma ka tambayi mai littafin daga wace hukuma yake, ka je wajen mai unguwa ko kansila ka ji ko sun san da zancen.

Mata, dattawa da yara

A gidaje da yawa a Kano maigida ne ke sayo layi ya yi rajista da sunansa ya kawo wa matarsa. Ba da mugun nufi ba, sauƙi ake nema. Amma yanzu mata nawa ne ke sana'a daga ɗaki, turaren wuta, atamfa, dubulan, cincin, duk a kan lamba ɗaya da WhatsApp ɗaya da asusu ɗaya? In aure ya mutu, ko mijin ya rasu, layin ya ɓata, ba ta da ikon karɓo shi. Na ga wata Hajiya da ta zo da 'ya'yanta tana neman lambar da ta riƙe tun zamanin da ake sayen layi da tsada, aka ce sai takardar shaidar rasuwa da sauran takardun magada, saboda sunan marigayi ne a kai. Tun ana zaman lafiya, ku je ofis tare, kowa da NIN ɗinsa, a mayar da mallakar layin sunanta. Maigida, wannan ba raini ba ne, kai ma ka sauke nauyi.

Mai niƙabi sai ta buɗe fuska a ɗauki hoto, babu makawa, amma hijabi ba ya hanawa. Kina da damar cewa mace ta ɗauke ki, ko a koma gefe inda ba idon jama'a. Manyan ofisoshi sun saba da wannan. In za a ɗauki zanen yatsu kuma kin sha lalle har kan yatsu, jira ya ɗan dusashe, na sha ganin na'ura ta ƙi karantawa. Dattijon da yatsunsa suka goge saboda aiki, a gaya wa ma'aikaci tun farko a bi ta hoton fuska.

Yaron da bai kai shekara 18 ba ba a yi masa rajista da sunansa, sai da na uba ko uwa. Ranar da ya kai, a je a mayar masa.

Kulle sim ɗin kansa

Wannan minti biyu ne, kuma cikin mutanen da ke zuwa shagona ƙalilan ne suka yi. Kowa ya kulle fuskar wayarsa da zane ko yatsa, amma mai ƙwacen waya ba ya wahalar da kansa da wannan. Zare sim zai yi ya sa a ƙaramar waya mai tocila. Daga nan *565*0# zai nuna masa BVN ɗinka, *346# zai nuna masa NIN, tes ɗin banki zai gaya masa inda kuɗinka suke, duk lambar tabbatarwa kuma hannunsa za ta faɗo. Wanda aka tare da wuƙa a cikin adaidaita sahu bayan magariba yana kukan wayar dubu ɗari da hamsin, alhali babbar asarar tana cikin ɗan sim ɗin.

A wayar Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, shiga Settings, nemi Security, sai SIM card lock, ko kawai ka rubuta SIM lock a wurin bincike. Kunna shi. Zai nemi lambar da layin ya zo da ita daga kamfani. Kada ka yi canki-canka: sau uku in ka kuskure sim zai kulle sai da PUK, lambobi 8 da ke jikin kwalin da ka ɓalle sim ɗin daga ciki, in kuma ka kuskure PUK sau goma sim ya mutu. Duba kwalin, ko ka kira 300 ka tambayi kamfaninka. Da ya karɓa, canja ta zuwa lambar da kai kaɗai ka sani, ban da shekarar haihuwarka, ban da ƙarshen lambar wayarka. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi lambar. Kwalin kuma a ajiye shi inda ake ajiye takardun gida.

'Yan kasuwa da yawa sun koma raba layi biyu, kuma ina ganin sun yi daidai. Layin banki yana cikin ƙaramar waya a gida ko a durowar shago, ba a ba kowa lambarsa. Layin hulɗa shi ne a babbar waya, shi ake rubutawa a allon shago. A WhatsApp kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambobi shida ne. Danna *#06# ka kwafe lambar IMEI ta wayarka, lambobi 15, a takarda, 'yan sanda za su tambaye ka ita.

In an riga an ƙwace

Banki ne farko, kafin kuka, kafin caji ofis. Yawancin bankuna suna da gajeriyar lambar toshe asusu da za a iya dannawa daga wayar kowa. Tambayi naka bankin yau, ka rubuta ka sa a aljihu, ka ba matarka ko ƙaninka kwafi. Sai ka kira kamfanin layin a 300 daga wayar wani mai irin layinka, ka ce a rufe. Za su yi maka tambayoyin tantancewa. Sai a sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka, domin saƙon "ina asibiti, turo dubu ashirin" ba ya daɗewa bai fara yawo ba.

Washegari sai welkam bak. Tafi da NIN ɗinka da kwalin sim. In babu kwalin, yawanci sai ka yi takardar rantsuwa a kotu. Za a ɗauke ka hoto a gwada da na NIMC, a tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin da ka sa na ƙarshe. Mutane suna jin haushin tambayoyin nan, ni kuwa ina so a tsananta su, domin su ne ke hana wani ya shiga da sunanka ya karɓe layin kana zaune a gida. In wata rana ka ga sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai, na kusa da kai masu irin layin suna kira lafiya, ka kashe ka kunna bai dawo ba, kada ka kwana a kai. Toshe asusunka ka nufi ofis.

Layin da aka yar

Layin da ya yi wata shida ba kira, ba tes, ba data, kamfani zai iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu watanni shida a haka a sayar wa wani. Lambar ba gadonka ba ce. Matsalar ita ce banki bai san ka yar da ita ba, haka Facebook da WhatsApp. Sabon mai layin zai riƙa ganin alat ɗinka. Kafin ka watsar da layi, je banki ka canja lambar da ke kan asusu da BVN, ka canja a NIMC, ka cire ta daga manhajojinka. Mai tafiya karatu Masar ko zaman aiki Saudiyya ya bar layin a hannun amintacce yana ɗan kira da shi, ko ya tambayi kamfani tsarin biyan kuɗi a ajiye masa lamba. Kai kuma da ka sayi sabon layi ka ga alat ɗin wani yana shigowa, ba rabonka ba ne, kai wa bankin rahoto.

Me kamfani ya sani a kanka, wa kuma zai iya gani

Ya san sunanka da fuskarka, wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, da ƙarfen sabis ɗin da wayarka ta kama lokacin, wato unguwar da kake. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta masa ajiye irin wannan bayani na shekara biyu. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya, amma akwai ƙa'idojin NCC na 2019 da suka ba hukumomin tsaro damar sauraro ta hanyar da doka ta tsara. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka hana a yi talla da bayananka.

Ban ce ka saki jiki ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wasu shafukan intanet na sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, NIMC kuma ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina abin ya yoyo, ya dai yoyo. Alƙawarin da aka yi mana kuma, cewa haɗa layi da NIN zai kama masu satar mutane, har yau suna kira suna ciniki. Pantami da kansa a farkon 2024 ya ce matsalar rashin amfani da bayanan ne daga ɓangaren masu tsaro. Saboda haka in wani ya kira ka ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ya ce daga kamfanin layi ko banki yake, za a rufe maka layi in ba ka karanto lambar da aka turo ba, sanin sunanka ba shaida ba ce. Kashe wayar, ka kira 300 da kanka.

Akwai kuma masu zuwa wajena a asirce, miji yana son jerin kiran matarsa, ko mata tana son na mijinta, wai an ce akwai yaron da ke fitarwa in an biya. Ba na yi, ba na kuma nuna hanya. Haramun ne a doka, kuma yaron da zai sayar maka da na wani, naka ma yana da farashi a wajensa.

Tes ɗin talla da ke cika waya, tura STOP zuwa 2442 a daina gaba ɗaya, ko HELP zuwa lambar ka zaɓi irin wanda kake so. In kana da ƙorafi, an yi rajista da sunanka ba da saninka ba, ko an ba wani layinka, fara da kamfanin, ka tabbata an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta da ranar. In ba su warware ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, lambar ƙorafin nan za su fara tambaya. NCC tana da ofishin shiyya a nan Kano ga mai son kai takarda da hannunsa. In maganar fitar da bayananka ce, rubuta wa NDPC, ka haɗa hoton saƙonnin da aka turo maka da kwafin ƙorafin da ka kai wa kamfanin.